Mai Riƙe Agogo

Ni ne mai riƙe agogo.
Shekara goma sha tara ina danna shi a bakin layi,
har babban yatsana ya yi kanta.
A aikina daƙiƙa ma ƙatuwa ce,
sai mun yanka ta gida ɗari
kafin mu ce wane ya riga wane.

Rifkatu 'yar Kaltungo ce.
Ta yi shekara a wata kwaleji a Azare,
tsadar nisa ta koro ta Gombe.
Ranar da ta fara zagaye filin Pantami
na dubi agogon, na girgiza shi, na ce ta sake.
Ta sake.
Hamsin da huɗu da ɗigo bakwai.

Sai maganar takarda.
A ta firamare Rifkatu ce,
a ta sakandare wani magatakarda ya mai da ita Rebeka
don ya ga ya fi kama da boko.
Kwamitin tantancewa ya ce ai mutum biyu ne,
za su zauna su gano
wacce ce mai ƙafafun.

Ban ƙi ba.
Na san masu aske gemu su zubar da shekara biyar a shagon wanzami,
na san ɗan haya da ake ɗaukowa a tasha
a zura masa rigar ɗalibi.
Tankaɗe ba zalunci ba ne.
Amma wanda ya ɗauki rariya, ai sai ya girgiza.

Suka ce Laraba.
Laraba shugaba ya tafi ɗaurin aure.
Wata Larabar mutum uku suka zo cikin bakwai,
suka sha lemo, suka sa hannu a takardar alawus.
Aka ce a kawo rantsuwar kotu. Ta kai.
Aka ce hatimin ya dushe.
Ta sake kaiwa, da kuɗin gyaɗar da uwarta ta sayar.
Fayil ɗin wani yaro ɗan ƙwallon hannu
ya shiga Litinin, ya fito Talata.
Ban ce yaron bai cancanta ba.
Na dai ce kawunsa yana da lambar sakatare.

Kowace asuba tana fili kafin masu shara.
Ba ta tambaya da baki.
Tana ɗaure igiyar takalmi ta ɗago ta dube ni,
ni kuma in dubi agogo,
kamar shi ne ba shi da amsa.

Motar gasa ta tashi wata Asabar.
Ita ta taya mu loda kaya,
ta dawo wa direba da canjin ruwan leda.
Kujerarta, ta bayan direba,
buhun ƙwallaye ne ya zauna a kai.
Wadda ta ɗauki zinare a can
hamsin da shida ta yi.
Na rubuta a tafin hannuna, na wanke kafin mu dawo.

Kwana goma sha ɗaya da rufe gasa
wasiƙa ta iso, hatimi jajir, bai dushe ba:
an tabbatar Rifkatu ita ce Rebeka,
tana da 'yancin shiga,
kwamiti na taya ta murna.
Ajin ƙarshe take.
Gasa ta gaba za ta same ta tana koyar da 'yan aji uku.

Ku da kuka yi gaskiya,
a wurina in mai gudu ya iso bayan an kwance zare
ba ma cewa ya ci.

Ta karanta a tsaye, sau ɗaya.
Ta ninke ta huɗu,
ta cusa a takalmin hagu, inda tafin ya ɓule,
ta taka, ta ji ta zauna daidai.
Ta je ta durƙusa a layi na biyar.
Ba kowa a fili sai wasu awaki.
Ta ce, Malam, danna.